Bindigogi Bakwai na Abba

Wata Asabar ce a watan Yulin 2006, ina da shekara takwas, rana tana ƙwallewa a unguwarmu ta Springfield a Amurka har kwalta tana laushi a ƙarƙashin silifas. Abba ya fito da tsohuwar motarsa daga gareji ya ajiye ta inda babu inuwa, ya ɗage gilasai duka, ya ɗora wata baƙar ledar shara a gaban sitiyari. A cikin ledar akwai wani katako naɗe da jaridu. Ni aka ba riƙon agogo. Duk bayan minti arba'in sai in ruga cikin gida in kira shi, mu buɗe ƙofar motar zafi ya daki fuskokinmu, ya zaro katakon, ga shi yana gumi kamar mutum, wani baƙin maiƙo yana tsattsafowa daga jikinsa. Ya miƙo mini tsumma in goge, mu sauya jarida, mu mayar. Katakon nan ƙotar wata tsohuwar bindigar soja ce da ta iso gidanmu a dogon kwali kwana biyu kafin nan, maiƙon kuwa giris ne da aka cuɗe ta da shi tun kafin a haifi Abba don kada tsatsa ta cinye ta a ma'ajiya. Umma tana leƙowa ta tagar kicin tana cewa ita da motar nan sai ranar da warin ya fita. Warin ya yi wata uku, ita kuwa ran Litinin ta shiga abinta ta tafi aiki.

Abba injiniya ne, aikinsa duba lafiyar gadoji. Daga Zariya ya zo karatu, aiki ya riƙe shi, ya koma gida ya auro Umma, wadda ta samu aiki a sashen magunguna na wani asibiti. Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Hajiyata". Ƙanena Sadik ya biyo ni da shekara huɗu. Abokan Abba in ƙarshen mako ya yi sukan taru a falon wani a Wheaton, a ci tuwo, a kalli ƙwallo, a yi musun siyasar gida har murya ta dishe. Abba yakan je ya yi gaisuwa ya ɗan taɓa hira, amma hankalinsa yana wani wuri. Shi abin da ya ɗauke masa rai shi ne tara gajerun bindigogin soja na dauri, irin waɗanda ƙasashe suka gama yaƙi da su suka jibge, daga baya 'yan kasuwa suka saye su suka shigo da su Amurka.

Dalilin yana cikin wani hoto ɗan ƙarami da ya yi ja don tsufa. Mahaifin Abba, wanda muke kira Baba Soja duk da ba mu taɓa ganinsa ba, yana cikin samarin da Turawa suka ɗiba zuwa dazukan Burma, wadda tsofaffi ke kira Boma. A hoton yana tsaye da gajeren wando, siriri, da wata guntuwar bindiga mai buɗaɗɗen baki kamar mazurari. Ya rasu Abba yana ɗan shekara goma sha biyu, bai taɓa ba shi labarin yaƙin ba, shi kuma bai kai munzalin tambaya ba. Da Abba ya fara neman irin ta hoton sai ya rasa, ya sayi wata ta Rasha don ya koyi yadda ake sarrafa su, daga nan ta Italiya, daga nan ta Suwidin, har suka kai shida. Wadda muka gasa a mota ran nan ita ce ta bakwai, ta Ingila, irin ta hoton sak. Ranar da ya gama haɗa ta ya daɗe a zaune da ita a cinyarsa, yana duban hoton yana dubanta. "Ashe nauyin da ya ɗauka ke nan," ya ce, ya miƙo mini in ji. Da ƙyar na riƙe ta da hannu biyu.

A ɗakin ƙasa suke zaune, wato ɗakin da ke ƙarƙashin gidan, bayan injin wanki, cikin wani dogon akwatin ƙarfe mai makulli biyu. Gefe ga teburin aiki da Abba ya haɗa da tsohuwar ƙofa, ga fitila mai lanƙwasa, ga gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, ga taswirar duniya manne a bango. Duk Asabar in na gama shanya da share matakala da haɗa wa Sadik takalmansa da yake watsarwa, sai in sauka. Ɗakin yana da dokoki uku. Ta farko, Abba kan ce, "Bindiga ko ta shekara ɗari ce, ki ɗauka da harsashi a cikinta," alhali ko ƙwayar harsashi ɗaya babu a gidanmu, kuma bai taɓa harba ko guda ba. Ta biyu, abin da ke ɗakin nan ba a kai shi waje, ko a baki. Ta uku ita ce ta fi ba ni wahala: da zarar ƙafa ta sauka daga matakalar ƙarshe, ba a Turanci. A sama in Umma ta yi mini Hausa da Turanci nake amsawa, kamar sauran yaran da muka taso tare. A ƙasa kuwa in na yi Turanci sai Abba ya zama kurma, ya ci gaba da gogensa yana ɗan fito, sai na lalubo kalmar ko da a karkace ce. Hausar da nake rubutu da ita yau, rabinta a kan teburin nan na tsince ta.

Shi ya raɗa wa sassan sunaye yadda zan gane. Ƙarfen da ake ja baya a tura gaba shi ne sakata, kuma duk sakatun a wani akwati dabam yake kulle su, a saman silin. Abin da ake ja da yatsa kunama. Akwai ƙota, akwai bututu, akwai ido. Aikina in bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, in shafa man katako da tafin hannu har ya yi ɗumi, in riƙe gilashin ƙara girma yayin da yake karanta tambura. Kowace bindiga cike take da tambura ƙanana: kambin sarauta, tauraro, haruffan da ban iya karantawa ba, shekarar ƙira, sannan can kusa da baki ɗan rubutun kamfanin da ya shigo da ita. Muna da wasa, ya rufe komai da tsumma ya bar tambari ɗaya, in faɗi ƙasar, in ruga in nuna ta a taswira. In na ci, dabino uku. In na faɗi, ni zan wanke tsummoki. Har laƙabi muka yi musu. Ta Rasha Gwaggo ce, don nauyinta da rashin fara'arta. Ta Suwidin 'Yar Gayu. Ta Italiya Mai Tari, saboda ƙarar da sakatarta ke yi. A jikin ƙotar Gwaggo wani soja ya sassaƙa haruffa biyu da wuƙa, muka yi makonni muna ƙirƙira masa suna da gari da uwar da ke jiran dawowarsa. Abba yakan ce yawancin waɗanda suka riƙe su yara ne da aka ɗebo daga gona, ba su san ma abin da ya haɗa faɗan ba.

Umma ba ta taɓa son su ba. "Ƙarafunan Abban Sadik" take ce musu, ta taɓe baki. Tun ranar da ta dawo aiki ta tarar ya saka ƙotar Mai Tari a murhun da take gasa kek don giris ya narke, kek ɗin Sallah ya fito da ɗanɗanon gareji, ta kafa masa doka, shi ya sa muka koma mota. Amma ita ce ke tara mana tsofaffin singileti ta yanka su tsumma, ita ce kuma ke sauko mana da shayi da ƙosai in mun daɗe, ta tsaya a matakala ta uku ba ta ƙarasowa, ta ce a zo a karɓa.

A kakar 2008 ina aji biyar malamarmu ta ce kowa ya kawo abin da ake tarawa a gidansu ya yi wa aji bayani. Na san abin da nake so in faɗa, na kuma san doka ta biyu. Umma ta ba ni faya-fayenta guda huɗu masu launi da ta zo da su daga Zariya, na saka a jaka. Ni yarinya ce marar surutu a makaranta, mai ɗan kallabi, wadda in ta buɗe kwanon abincinta ake tambaya mene ne wannan. Yara suka nuna kan sarki, da katunan 'yan wasa, da bawon katantanwar teku. Da na fito da faya-fayen ina cikin bayanin yadda ake saƙa su, wani yaro da ke zama a gaba ya fizgi ɗaya ya wulla shi sama kamar abin wasa, ya faɗa bayan kabad, aji ya fashe da dariya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ai wannan na mahaifiyata ne, mahaifina kuwa bindigogin soja yake tarawa, guda bakwai. Aji ya yi tsit. Shirun nan ya yi mini daɗi, sai na ci gaba. Na ba su labarin kowace ɗaya, da ƙasarta, da kakana a Burma, da yadda Abba ya san ma'anar kowane tambari, da yadda babu abin da zai lalace ya kasa gyarawa. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gaban mutane ba. Sai da na zauna na lura malamar tana rubuta wani abu a takarda.

Kafin in isa gida an kira Umma a wurin aiki. Wanda bai zauna a ƙasar nan a shekarun nan ba zai yi wuya ya gane nauyin abin. Lokaci ne da mai suna irin na Abba in zai hau jirgi yake tafiya da wuri don ya san za a ware shi gefe. Aikinsa yana bukatar takardar izinin shiga wuraren da ba kowa ke shiga ba, ga shi saura 'yan watanni a kira shi ganawar zama ɗan ƙasa, abin da ya shekara yana jira. Da yamma na tarar da Umma a kicin tana yanka albasa da ba ta bukata. Abba ya dawo, suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa, ina jin muryarta tana tashi tana sauka, tasa ban ji ba. Na zauna ina jiran duka ko faɗa. Da ya fito sai ya tambaye ni ko na yi sallar la'asar.

Bayan kwana uku, da hantsin Asabar, mutum biyu suka buga ƙofa, cikin kayan gida, suka nuna katinsu na jami'an tsaro. Umma ta zaunar da su a falo, ta kawo zoɓo da cincin a farantin baƙi, fuskarta a sake. Abba ya ɗauko fayil: lasisin masu tara tsofaffin makamai, da takardar kowace bindiga tun daga ranar da ta shigo gidan. Suka duba, suka ce suna so su gani da ido, babbansu mai furfura kuma ya ce in ba damuwa yana so ya ji daga bakin yarinyar. Abba ya juyo ya ce mini da Hausa, "Hajiyata, duk abin da ya tambaye ki, faɗa masa yadda yake." Muka sauka tare. Mutumin ya tambaye ni ko na san inda makulli yake, na ce a'a. Ya ce ko na taɓa ganin harsashi a gidan, na ce ban taɓa ba. Ya ce to me nake yi a nan duk Asabar, na nuna masa buroshina. Da Abba ya buɗe akwatin ya fito da ta Ingila, mutumin ya karɓa ya juya ta a hankali, na ga idonsa ya sauya. Na nuna masa kambin da shekarar, na ce irinta kakana ya riƙe. Ya ce ya daɗe bai ga mai tsabtar wannan ba. Ba su yi awa ɗaya ba suka tafi, suka ce komai yana kan ƙa'ida, ƙaramin har da guzurin cincin a takarda.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe ba ta ƙare ba. Ƙawata ta kusa da gida uwarta ta daina barinta zuwa wurinmu. A masallaci labari ya zaga cewa an kai samame gidan Injiniya, kafin ya dawo kunnenmu bindigogi bakwai sun zama saba'in. Wani dattijo da Abba ke girmamawa ya ja shi gefe bayan Juma'a ya ce masa ya tuna ba shi kaɗai abin zai shafa ba in wani abu ya taso. Asabar ta zo ta wuce, Abba bai sauka ƙasa ba. Wata ta zo, haka. In an buga ƙararrawar ƙofa sai in ga ya ɗaga kai da sauri, shi da ko ƙarar aradu ba ta tayar da shi daga jarida. Wata rana muna cin abinci ya ce ya yanke shawara zai sayar da su. Abin mamaki, Umma ce ta ajiye cokali.

"Duka? Abban Sadik, ni ban ce duka ba. Ka bar ta Baba mana."

"Ɗaya da bakwai duk suna ɗaya ne a bakin mutane," ya ce. "Na riga na ji nauyinta, ya isa."

Na tashi daga teburin na bi shi falo ina kuka, na durƙusa na ce ya yafe mini, na karya doka. Ya dafa kaina ya ce, "Ai ba ƙarya kika yi ba. Tashi ki ƙarasa abincinki." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, a ranar da kuma shekarun da suka biyo. Da ya zane ni da na fi samun sauƙi.

Da sanyi ya wuce aka yi wani baje kolin masu tara irin waɗannan kaya a wani babban zaure, ya kama tebur, ya ce in shirya mu tafi tare. Daren jajibiri Umma ta sauka har ƙasa, karo na farko da na ga ta wuce matakala ta uku, da tsofaffin zannuwanta na atamfa, ta naɗe kowace ɗaya kamar jaririya don kada su gogu a hanya. A zauren mu kaɗai ne masu kaya a cikin atamfa, mutane suka riƙa tsayawa. Abba ya bar mini bayani. Nan na gano ban san sunan ko sashe ɗaya da Turanci ba. Sai in nuna in ce sakata, in ce kunama, tsofaffin Turawa masu hular soja suna maimaitawa suna dariya, ɗaya har ya rubuta a bayan katinsa. Gwaggo ce ta fara tafiya, sai 'Yar Gayu. Mai Tari ta kusa kwana. Ta Ingila mutum uku suka taya Abba ya ƙi, ba don kuɗin ba, sai da wani tsoho mai na'urar ji a kunne ya zo, ya nemi izini kafin ya taɓa, ya tsaya ya saurari labarin Baba Soja har ƙarshe. Shi Abba ya ba. Ya cike takardu, ya naɗe ta da kansa, ya bar masa har zanen. A hanyar dawowa ya tsaya ya saya mini askirim babba irin wanda Umma ba ta yarda da shi, ya yi ta ba ni labarin yadda suke satar mangwaro a Samaru suna yara, yana dariya fiye da yadda labarin ya kai.

Ya je ganawarsa da bazara, ya samu takardarsa, ba wanda ya ko ambaci bindiga. Akwatin ƙarfen ya zama ma'ajiyar fasfo da gwala-gwalan Umma. Abba ya tone bayan gida ya shuka kuɓewa da yakuwa da tattasai, Asabar ɗinmu ta koma can, ina ban ruwa yana cire ciyawa. Mun ji daɗin lambun, amma duk lokacin da na ga ya tsaya gaban tsohuwar taswirar yana neman wani abu a kan teburin, sai in kau da kai.

Bara, bayan an yi masa aikin ido, ni nake kai shi asibiti daga gidana na Takoma Park. Ya yi ritaya, ya yi furfura, yana zaune a gefena da baƙin gilashi. Muna tsaye a cunkoso sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya daɗe yana jin haushina a kan bindigoginsa. Ya ce tsoro dai ya ji, kwana uku bai san ɗanɗanon abinci ba. Amma da suka je makaranta shi da Umma, malamar ta karanta musu abin da na faɗa a aji, kalma bayan kalma, don ta nuna musu girman abin.

"Tana karantawa, Ummanki tana kuka, ni kuwa ina ta ƙoƙarin kada a ga haƙorana," ya ce. "Shekara ashirin ina ƙasar nan ina tafiya a gefen bango don kada a lura da ni. Ranar nan 'yata ta tsaya a gaban mutane ta ce ubanta babu abin da ba zai iya gyarawa ba. Bindiga bakwai ai sun yi araha, Hajiyata."

Motar bayanmu ta yi ta oda kafin in ga hanya ta buɗe. A da ina ganin iyayenmu ba sa faɗin abin da ke ransu don babu abin faɗa ne, yanzu da nake da tawa 'yar na san sau da yawa jira suke a tambaye su. Yaran yanzu komai tambaya suke, har su gundure ka, mu kuwa kunya ta sa muka bar tambayoyi da yawa suka tsufa a bakinmu. Shekara goma sha shida na yi ina ɗauke da laifin da shi bai taɓa ɗora mini ba.